Ƙafar Kakar Ƙawata

Auta na zaune a bakin gadon Kaka, tana jujjuya zuciyar mutum da ɗan yatsa. Zuciya ce ja jawur a cikin waya, tana bugawa, ana buɗe ta ana rufewa. Shekarar ƙanwar tawa huɗu tana karatun likita, kuma tun da ta samu wannan manhaja muka huta da tulin littattafai. Waya ta jefo mata hoton cuta, ta canka, waya ta yi mata tafi. Wallahi har ni da ban wuce keken ɗinki ba na san inda saifa take.

Kaka kuwa bokan Turai take ce mata. Kullum sai ta miƙe ƙafa ta ce takalminta ya matse ta, Auta ta ce tsufa ne, ba tare da ta ɗago kai ba. Da Kaka ta matsa sai ta ce a bari ta gama wannan zagayen, saura tambaya biyar. Wata guda ana haka. Ni dai kumburin ya fara ba ni tsoro, tsohuwa ko banɗaki ta je sai ta dawo tana haki, amma da an ambaci asibiti sai ta ce Allah ya kiyaye ta bi layi alhali ga likita a gida.

Kaka ce ma ta kawo dabarar. Ta ce, “Ke, ɗauki hoton ƙafar nan ki saka mata a wayar. Tunda can take zaune, a can za mu same ta.”

Muka sha dariya, na ɗauka, na tura wa Auta, na ce ƙafar kakar wata ƙawata ce.

* * *

Ko minti biyu ba a yi ba sai ga Auta ta faɗo ɗakin ɗinkina da faɗa. Wai wannan alamar ciwon zuciya ce ko ƙoda, yau ɗin nan ya kamata a kai ta asibiti. Wai wane irin dangi ne marasa imani za su zuba wa tsohuwa ido har ta kai haka. Na ce ai kuwa, ƙara faɗa musu.

Tana buɗa hoton da yatsu biyu don ta nuna mini, sai ta ƙura masa ido. A gefen ƙafar ga silifas shuɗi da aka yanke wa maɗauri. Ita ta saya wa Kaka.

* * *

Auta ta durƙusa gaban gadon Kaka, ta ajiye wayar a ƙasa. Kaka na ta tsiya, wai yau bokan Turai ya sauko daga waya. Auta ta kamo ƙafar. Ta ɗora babban yatsa a ƙaurin Kaka, ta danna, ta ɗauke.

“Ashe hannunki da ɗumi,” in ji Kaka.

Na fita neman mota. Har na dawo, ramin da yatsan ya bari bai cike ba.