Allurar Ranar Juma'a

A kamfanin ƙanena ba a tambayar mutum shekarunsa. Idan ka yi kuskuren tambaya, sai a bi ka da kallo kamar ka shigo ofis da kayan barci. A wurinsu shekarun haihuwa lissafin mutanen da ne, shekarun gaskiya suna cikin jini. Duk Litinin da safe kowa zai miƙa hannu a ɗebi jininsa a ba na'ura, kafin rana ta take ta faɗi ko jikinsa na ɗan shekara nawa ne. Wanda nasa ya ragu a tafa masa. Wanda nasa ya ƙaru kuwa sai ya wuni yana sunne kai, ya fasa cin abincin rana.

Leland ne ya kafa kamfanin, a nan San Diego, a wani bene mai gilashi da ke kallon teku. Ni ce yayarsa, Maren, mu biyu kaɗai iyayenmu suka haifa. Likitar tsofaffi ce ni, kuma da aikina a asibiti lafiya lau, har ya zo ya zauna mini a kicin ya ce, "Babbar yaya, ba ki gaji da raka mutane bakin kabari ba? Zo ki taya ni mu tare hanyar." Leland akwai baki. Tun muna yara, idan ya fasa kofi, kafin ya gama bayani ni ce ke ba da haƙuri. Haka na ajiye aikina na bi shi, aka ɗora ni a kan sa ido ga lafiyar duk wanda za a yi wa allurar kamfanin.

Allurar ita ce dukan abin da suka mallaka. Tana shiga har cikin ɓargo, inda jiki ke ƙera jini, ta sa shi ya riƙa sabunta kansa kamar na matashi. Kuma Leland yana da doka guda wadda yake alfahari da ita fiye da benen: abin da shugaba bai sa a jikinsa ba, ba a ba wani. Shi aka fara yi wa, tun ba a gama gwada ta a kan ɓeraye ba. Daga baya ya zama al'ada. Juma'ar farko ta kowane wata ma'aikata za su taru, ya hau dandamali ya naɗe hannun riga a tsira masa, ana tafi ana fito. Sannu a hankali sauran manyan kamfanin suka bi sahu, ni kaɗai na ƙi. Na ce an ɗauke ni ne in lura da su, ba in shiga layi ba.

A haihuwa Leland yana da arba'in da tara. Na'ura ta fara ba shi arba'in da biyu, sai talatin da biyar. Ranar da ta ce ashirin da takwas, ofis ya kaure da ihu, aka kawo kek marar sukari, irin wanda ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci. Shi ko kek ɗin bai taɓa ba, ya ɗauki tuffa ya gatsa. Ina tsaye kusa da shi na ga jini a wurin da haƙoransa suka shiga.

"Me ya sami dasashinka?" na ce.

"Sabon buroshi ne, Likita. Yau ma ba za ki bar mutum ya sha iska ba?"

Daga ranar idona bai sauka daga kansa ba. Mutumin da ke hawa bene da gudu yana yi wa matasa dariya, sai ga shi yana jiran lif. Rana tsaka, ga sanyin na'ura a ofis, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da ya miƙa hannu zai ɗauki ruwa, na hangi wani tabo baƙi-baƙi a damtsensa, faɗin tafin hannu, alhali bai bugu da komai ba. Na sha ganin waɗannan abubuwa a jikin mutane, kuma ban taɓa ganin sun zo da alheri ba.

Abin da zai ba ka haushi shi ne, a duk faɗin benen nan da ake ɗibar jini kamar ruwan famfo, babu mai duban jinin da idonsa. Na'ura ke sha, ta tofar da lamba, shi ke nan. Sai da na shiga sito na ture kwalaye kafin na sami madubin duba jini, da ƙurarsa. Litinin da ta biyo baya na ɗauki ragowar jinin Leland, na shafa ɗigo a gilashi, na sa ido.

Na'urar ba ƙarya ta yi ba, jinin na yara ne. Ƙwayoyin da suka cika shi duk jarirai ne, sun fito daga ɓargo ba su nuna ba, kuma ba za su taɓa nuna ba. Ba sa kashe cuta, ba sa tsayar da jini, sai dai su yi ta yawa suna danne na kirki. Wannan ita ce sankarar jini. Ita muka yanka wa kek muka tafa wa. Na zauna a kan kwali, na rasa ma ta inda zan fara kuka.

Leland ba ya ganawa da mutum a zaune, wai zama yana tsofar da mutum. Don haka a bakin teku na faɗa masa, muna tafe a kan yashi, rana na dukanmu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya.

"Kai, Maren! Na'urar da masana suka yi shekaru suna ginawa ta ce na koma saurayi, ke kuma da madubinki na zamanin kakanni kin ce mutuwa zan yi."

"Ban ce mutuwa za ka yi ba, ɗan auta. Na ce idan ba ka je asibiti ba za ka mutu."

"To meye bambancin?"

"Bambancin mota ce da tafiyar da ba ta kai cin abincin rana ba. Mu je yanzu."

"Yanzu? Kin san su wa za su zo ranar Juma'a?"

Na sani. Masu zuba jari ne za su zo daga San Francisco, a gabansu za a sanar cewa za a fara yi wa mutanen waje allurar, tsofaffi 'yan sa-kai da suka yi ta rububin shiga. Na ce masa ba zan amince a taɓa ko mutum ɗaya ba. Ya tsaya, wai zai gyara igiyar takalmi, amma ina jin yadda numfashinsa ke fita da ƙyar.

"Ke dama tun farko ba ki yarda da abin nan ba," ya ce. "Kowa ya sani. Kin san tambayar da baƙin nan suke yi mini kullum? Wai me ya sa likitar kamfani, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, ta ƙi miƙa hannunta. Me ta sani da ba mu sani ba? Yanzu kuma in ɓace ana saura kwana kaɗan, a ce ina kwance a asibiti? Wallahi kafin Litinin babu kamfani, mutanen nan duka sun koma gida."

"To ya rushe mana! Kamfani ne ya yi maka goyo ko ni?"

"Ga ta nan, an fara gori."

Na yi masa faɗa, na roƙe shi, har na ce zan kira matarsa. Ya ce in kira, ita ma ta ga lambar da na'ura ta ba shi. Na san halinsa sarai: idan aka matsa masa sai ya ƙara ƙafewa, yana iya hawa jirgi ya tafi wani taro ya bar ni da madubina. Kuma irin ciwon nan ba ya jiran a gama rigima. Muna komawa wajen mota ya dafa ƙofa ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Bari mu yi ciniki. Ranar Juma'a ki hau dandamali a yi miki, sau ɗaya tak, bakinsu ya mutu. Ni ba za a yi mini ba, zan ce ranar taki ce. Zan ce an ɗaga gwajin mutanen waje don a ƙara shiri. Ana watsewa ki kai ni duk asibitin da kika ga dama, in kwanta kamar ɗan kirki."

"Ka rantse."

"Na rantse da kabarin Baba."

Na auna abin a raina. Shi ya daɗe yana karɓa, wata bayan wata, har ninki yake sa a yi masa. Sauran manyan da suka fara daga baya na duba nasu jinin, ban ga komai ba tukuna. Na ce allura ɗaya me za ta yi wa mace mai shekaruna? Tunanina gaba ɗaya bai wuce ƙofar asibiti ba, in dai ga shi a ciki.

Ranar Juma'a zauren ya cika. Baƙi na gaba, da rigunansu marasa kwala da kofunan ruwan ganye. Leland ya yi jawabi, ya yi kyau ƙwarai, an shafa masa hoda ta ɓoye rashin jinin fuskarsa. Da ya kira sunana wuri ya ɗauki sowa, wani daga baya ya yi ihu, "Yau dai Likita ta tuba!" Na hau, na naɗe hannun riga. Ma'aikaciyar jinya ta matso da tire, sai Leland ya karɓi sirinjin ya ce wannan tasa ce, ba zai bar wa kowa ba. Yatsunsa sanyi ƙalau a fatata. Ya raɗa mini, "Kar ki yi kuka, babbar yaya, ana ɗaukar hoto." Ban ji zafi ba. Tafin ne ya dame ni, ya yi ta yi kamar ba za a daina ba.

Ya cika alkawari, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Kafin yamma yana kan gado, an sa masa rigar marasa lafiya, yana tsokanar ma'aikatan jinya wai abincinsu zai kashe shi kafin cutar. Likitar jini da ta karɓe shi, Dokta Nakashima, mace ce marar yawan magana. Ta tabbatar da abin da na gani, aka fara ba shi magani mai ƙarfi. Gashinsa ya zube, ya rame har zoben aurensa ya daina zama. Cutar ta ja baya kaɗan, sannan ta dawo da ƙarfinta.

Wata safiya Dokta Nakashima ta kira ni ofishinta ta ce magani ya yi iyakarsa. Saura hanya ɗaya: a kashe ɓargonsa gaba ɗaya a dasa masa na wani. An duba cikin masu ba da kyautar ɓargo na ƙasa duka, ba a sami wanda ya dace da shi ba. "Amma yana da 'yar'uwa," ta ce. Na miƙa hannu tun ba ta rufe baki ba.

Da sakamako ya fito ita da kanta ta same ni a baranda, karo na farko da na ga haƙoranta. Mun dace ta kowace fuska, ta ce, irin dacewar da ba kullum ake samu ba. Na tafi da gudu na faɗa wa Leland. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce, "Ashe dai kina da amfani." Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Washegari aka zaunar da ni don tambayoyin da ake yi wa mai bayarwa. Ciwon zuciya? Babu. Ciwon hanta? Babu. Dokta Nakashima ta tambaya ko an taɓa yi mini wani magani da ba a gama gwajinsa ba. Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna da ranar Juma'ar nan.

"Sau ɗaya ne," na ce. "Allura ɗaya tak."

Ta ajiye alƙalaminta. "Irin tasa?"

"Ƙanƙanuwa ce, Dokta. Ki duba jinina, lafiyarsa ƙalau."

"Yau lafiyarsa ƙalau. Ke likita ce, kin san inda allurar nan take zama, kuma kin san ba ta fita. Ba zan kashe ɓargonsa in zuba masa wanda aka yi wa abin da ya lalata na farko ba. A jikin da ba shi da sauran kariya, ba na jin zai kai bazara."

"To a haka zai kai ne?"

Na roƙe ta, na ce zan sa hannu a duk abin da take so, na ɗauki alhakin komai. Ta ce ba ita kaɗai ba, babu asibitin da zai yarda. Sannan ta ƙara da cewa ni ma daga yanzu za ta riƙa duba jinina duk wata. Wannan ko a jikina.

Na daɗe a tsaye a ƙofar ɗakinsa kafin na shiga. Rana ta cika ɗakin, yana jingine da matashi yana kallon masu wasa da igiyar ruwa can nesa. Ya juyo da fara'arsa.

"Yaushe za a huda ki? An ce da zafi fa, kar ki ba ni kunya."

Na zauna a bakin gado na kama hannunsa. "Ba za su ɗauki nawa ba, Leland."

"Kamar yaya? Ba sun ce mun dace ba?"

"Mun dace."

"To mene ne? Tsufa kika yi musu?"

Ya dube ni, ya dubi damtsena na hagu, ya daɗe yana kallon wurin. Na ga lokacin da abin ya iso masa. Ƙanena, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba tun da ya koyi magana, ya buɗe baki ya rufe.

"Ba wanda ya tilasta ni," na ce. "Ni na hau da ƙafata."

Ya girgiza kai a hankali, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

"Yaya," ya ce, "ai ni na tsira miki da hannuna."