Ruwan Toka, Ruwan Ƙwai

Nas tana kan benci tana shafe kusurwar ƙarshe ta falo, sai ta ji sallamar mai gidan. Ta sauko da burushi a hannu, fenti har gwiwar hannunta.

"Sannu da zuwa, Baba. A kula da bango, bai bushe ba."

Tsohon ya tsaya yana jujjuya kai. Shekara da shekaru tana haya a gidan nan, bango yana ɓarewa kamar gindin tsohuwar tukunya, bai taɓa leƙowa ba. Da ta nemi izinin fenti kuwa, cewa ya yi, "Haba 'yata, ai gidanki ne." Ita kuma da yake Allah ya yi ta da saurin yarda, ta kwashe hutunta na asibiti kaf ta zuba a bango.

"Kai, ya yi kyau," in ji shi. "Kin kyauta, za ki bar wa ƙawarki gida fes."

"Wace ƙawa, Baba?"

"Mai Labule mana. Ba ta ce an yi miki canjin wurin aiki ba? Ƙarshen wata za ta shigo, mun gama magana tun kafin ki fara."

"Babu inda za ni, Baba."

Ya sosa ƙeya, ya kalli silin. "To, ni dai na riga na yi alkawari. Ku daidaita tsakaninku."

Ko hannu ba ta wanke ba ta zari mayafi ta hau bas zuwa kasuwa. A hanya abubuwa suka riƙa dawo mata. Ita ruwan ƙwai ta saya da farko, launin da take so tun tana yarinya. Mai Labule ce ta toshe hanci ta ce, "Falo ne ko ajin 'yan nazare? Ruwan toka ake yayi." Ita ce kuma ta zo da tef ta auna tagogi ɗaya bayan ɗaya, wai za ta ɗinka mata labule kyauta. Har shayi Nas ta dafa mata ranar, tana ta godiya.

A shagon Mai Labule ta tarar da labulayen rataye a bayan keken ɗinki, masu ruwan toka da ratsin azurfa. Biyu dogaye na falo, ɗaya ɗan guntu, daidai karkatacciyar tagar nan ta kicin.

Mai Labule ta ga fentin hannunta, murmushinta ya tsaya a rabi.

"Ƙawata, wallahi ina shirin gaya miki."

"Yaushe? Bayan ya bushe?"

"Ke ma kin san inda nake, ruwan sama har kan gado. Ke kuma ma'aikaciya ce, ko'ina za ki samu."

"Ai da kin roƙe ni," in ji Nas. "Amma ki sa ni hawa benci da ciwon bayana, ina yi miki fenti ina gode miki?"

Mai Labule ta sunkuya tana tsintar allurar da ba ta faɗi ba.

Gidan bai ƙona wa Nas rai kamar shayin nan ba. Da ta dawo ta zauna a kan benci, ta yi kukanta ya ishe ta. Bangon mai ruwan toka ya bushe, ya yi kyau ƙwarai, kuma da ganinsa ka san na wata ne.

Can ta tashi ta shiga kicin. Bokitin ruwan ƙwai yana nan ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ko buɗe shi ba a yi ba. Ta sa bakin cokali ta ɓalle murfin, ta wanke burushi.

Har ƙarshen wata dai, Baba da bakinsa ya ce gidanta ne. Ta jawo benci, ta fara daga jikin taga, inda labule zai sauka.