Ɗakin da Babu Murhu

"Ba Hamburg ba," in ji Masawudu, ya mayar wa Gift wayarta. "Rabin Zangon Kumasi yana can."

Suna zaune a kantin abinci na asibitin da suke aiki a unguwar Camberwell ta London, shi mai tura marasa lafiya a keke, ita nas ce 'yar Jos. Roƙonta ya yi ta taya shi neman otal na kwana uku, don shi in ya shiga intanet ɓacewa yake yi kamar baƙo a kasuwa.

"To Brussels fa, Baba?"

"Ƙanin matata, Zulkiflu, yana can."

"Ai shi ke nan, ga masauki kyauta!"

"Shi nake gudu, 'yata."

A wurin su Masawudu, ka je garin da kake da ɗan'uwa ka sauka a otal abin kunya ne, sai maganar ta kai Kumasi. Shekara ashirin da shida da aurensa da Awabu, duk inda suka je gidan dangi suke sauka. Ga Awabu da iya girki, kafin ta ajiye jaka an fara, "Yaya, mun yi kewar shinkafa da wakenki." Bara sun kwana huɗu a Hamburg. Shi an zagaya da shi har tashar jiragen ruwa. Ita da aka tambaye ta yadda garin yake, sai ta ce tagar kicin ɗin tana kallon wurin ajiye motoci. Da dariya ta faɗa, amma shi abin ya tsaya masa a rai. A London ma aikinta ke nan, girki a makarantar firamare, tsaye tun safe, har gwiwa ta fara yi mata ciwo.

Suka bi garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Paris akwai ɗan gwaggonsa, Napoli akwai abokin ƙuruciya. Kai, ina ne mutanenmu ba su kai ba? Da ƙyar suka dace da Porto ta ƙasar Portugal, inda bai san ko kaza ba.

Otal na farko araha ne, amma kusa da filin jirgi, nesa da komai. Na biyu a tsakiyar gari, hawa na huɗu, babu lift, sai matakala. Ya tuna gwiwar Awabu, ya girgiza kai.

"Yauwa, ga wannan!" in ji Gift. "Flat ne, ya fi duka sauƙi, kusa da kogi. Har da kitchen, Mama za ta iya..."

"A'a."

"Baba, ka duba farashin mana."

"Ko kyauta ne. In ta ga tukunya ba za ta zauna ba."

Gift ta dube shi, ta ci gaba da nema. Suka tsaya a kan wani ƙaramin otal mai lift, da karin kumallo, minti biyar a ƙafa zuwa bakin kogi. Ya ɗan ɗara flat ɗin tsada. A hoton babu komai sai gado, kujera ɗaya, da taga.

Da la'asar ya iske Awabu a falo, jaka buɗe a gabanta. Tun jiya da ya ce mata ta shirya za su yi tafiya, ba ta tambayi ina ba. Ta jera kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa a leda biyu, da muciyarta.

"Baban Rahim, gidan wa za mu sauka? In san yawan abin da zan ɗauka."

Yana tsoron ta ce an yi almubazzaranci. "Ba gidan kowa ba. Na yi booking a otal, a Porto."

"Otal? Muna da Zulkiflu a Brussels? In ya ji fa?"

"Ni zan kira shi. Laifin nawa ne, na ɗauka."

"To wa zai yi mana girki?"

"Wasu."

Ya miƙa mata hoton da Gift ta turo masa. Ta daɗe tana dubawa, tana ja da yatsa dama da hagu, tana neman abin da babu.

"Ina kitchen ɗin?"

"Babu."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa. Ta dubi hannayenta, masu tabon mai da ƙunar tukunya, idonta ya kawo ruwa.

"Kwana uku fa. Me zan yi da hannuna?"

Masawudu, wanda bai taɓa riƙe hannunta a gaban ko 'ya'yansu ba, ya zauna kusa da ita ya kama shi.

Can ta sa ɗaya hannun ta zare muciyar daga jaka, ta ajiye a kan tebur.

"Tagar nan," ta ce a hankali, "ina take kallo?"

"Kogi."