Tekun Malam Abdul-Rahim

"Riƙe masa ƙugu, Sista, ni na kama kafaɗa," in ji Memunatu.

Selina ta gyara tsayuwa a kan matakalar benen, ta zagaya hannu ta tallafi tsohon. Bai fi nauyin buhun da aka ci rabi ba. Ita ko kayan aiki ba ta cire ba. Da safen nan ta dawo daga asibitin da take aikin nas, ƙafafunta sun kumbura cikin farin takalmi, idanunta kamar an watsa musu barkono.

"Kun ga yadda mata suka ɗauke ni kamar amarya," in ji Malam Abdul-Rahim, sai tari ya sarƙe shi.

"Baba, ka adana numfashinka," in ji Selina.

Ƙofarsu na kallon juna a wani gidan haya a Landover, kusa da birnin Washington na Amurka. Selina 'yar Kagoro ce, shi da matarsa Memunatu kuma mutanen Nima ne ta birnin Accra. Ranar da ta tare, ta yi tuntuɓe da akwati ta ce "Wayyo Allah!", sai ya leƙo ya ce, "Sannu, ɗiyata." Tun daga nan kwanon abinci bai daina tsallaka barandar ba.

Kafin ya zama direban tasi a Washington, kuku ne a jirgin ruwan dakon kaya, kuma duk hirar da aka fara da shi a bakin teku take ƙarewa. Ya ba ta labarin gaɓar Labadi ta Accra, inda igiyar ruwa ke kayar da ƙato ta cika masa wando da yashi. Ya ba ta na Dakar da kwale-kwalenta masu ado, da wani tsibirin Turawa inda yashi baƙi ne kamar gawayi, ya ɗebo a kwalba don ya san in da baki ne ba za a yarda ba. Sau da yawa tana gyangyaɗi take saurare.

A bazarar 1986 ciwon daji ya gama da huhunsa, likita ya sallamo shi gida da tukunyar iska mai taimaka masa numfashi. Abu ɗaya ya roƙa, a kai shi ya ga teku. Memunatu ba ta tuƙi, ɗansu Nasirudeen yana can Houston, kullum sai ya ce sati mai zuwa. Selina ta san tafiyar ba ta dace da mai irin ciwonsa ba, ta kuma san satin da ake jira ba lalle ya same shi ba. Asabar ɗin nan ce kaɗai hutunta.

Suka kwantar da shi a bayan tsohuwar Datsun ɗinta, tukunyar iska a tsakanin ƙafafun Memunatu, suka nufi Ocean City, garin da ke bakin teku. Ashe duk garin can ya nufa. Motoci sun yi cincirindo, an ɗaura kujeru da kekuna a saman kowace, rana kuwa kamar ta fasa gilashi. Selina na duban madubi fiye da hanya. Kafin su kai babbar gada ta ga leɓensa ya yi toka-toka, allurar ma'aunin tukunyar kuma ta yi ƙasa fiye da yadda ta zata. Ba a ko yi rabin tafiya ba.

Ta kunna sigina, ta sauka wajen shaƙatawa na Sandy Point, nan gefen gadar.

"Mun iso, Baba."

Suka zaunar da shi a kujerar naɗi kusa da ruwa, Memunatu ta riƙe masa laima. Ya daɗe yana kallo. Ruwan kwance yake, launin ƙasa-ƙasa, yara na ta fantsama a ciki, ga bishiyoyin ɗaya gaɓar can ana hango su.

"Memuna, ɗebo mini in taɓa."

Ta ɗebo a murfin filas. Ya tsoma yatsa ya kai harshe, ya yamutsa fuska.

"Ɗiyata, ni za ki yi wa wayo? Wannan ai kogi ne ya yi ƙiba. Gishirinsa ma na rowa ne."

Selina ta sunkuyar da kai. "Iskar ba za ta kai mu can ta dawo da mu ba, Baba."

"Na sani. Ni ma ina ganin allurar." Ya numfasa. "To, ke wace gaɓa kika taɓa gani?"

"Bar Beach, a Legas, ana gobe zan hau jirgi. Daga nesa na tsaya, wajen masu fararen riguna da ke addu'a. Rurin ruwan ya ba ni tsoro. Mu 'yan kan dutse ne."

Ya yi dariyar da ba ta da sauti. "Ai wannan rurin nake nema. A Chorkor, can Accra, in masunta suka jawo koma, sai ka sayi kifi da zafinsa, ka haɗa da dokunu, tuwon masaran nan mai tsami, da barkono, kana ci ruwa na maka tsawa. Ko ba haka ba, Memuna?"

"Ni ban taɓa son teku ba, Malam," in ji Memunatu.

Ya juyo ya dube ta.

"Kai kana can kana kallon gaɓa, ni ina Nima ina kallon ƙofa. Goyon Nasiru ni kaɗai na yi shi."

Ya miƙa hannu ya kama bakin mayafinta, ita kuwa ba ta janye ba.

Selina ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar kujerar, wai ta ɗan huta. Ba ta san lokacin da barci ya sace ta ba. Da ta farka inuwa ta karkata, laimar na kanta, tsohon kuma na cikin rana. Ta zabura ta cafki wuyan hannunsa.

"Ina nan," in ji shi. "Ni na ce ta bar ki. Kin gaji, ɗiyata. Mu je gida."

Bai sake zancen teku ba. Kwanakin da suka biyo baya ya fi yin barci, in ya farka ya nemi ruwan shayi, ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Ranar Laraba da la'asar, Selina na goge kayan aikinta, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Memunatu ce, ba mayafi, ba kuka.

"Sista, zo ki duba mini shi."

Selina ta shiga. Fanka na juyawa, tukunyar iska na ta huci ita kaɗai. Ta taɓa wuyansa, ta jira, duk da ta riga ta sani tun daga bakin ƙofa. Ta rufe tukunyar, ɗakin ya yi tsit.

"Mama, sai haƙuri."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Memunatu, ta zauna a bakin gado ta gyara masa hula.

Washegari direbobin tasi 'yan Ghana suka cika harabar gidan da motocinsu, suka kai shi makwancinsa. Nasirudeen ya iso an riga an dawo, ya tsaya a baranda da jakarsa yana kuka kamar yaro. Selina ta nemi hutu ba a ba ta ba. Ta dafa shinkafa ta tsallaka da ita, ta tafi aiki.

Bayan sadakar bakwai ta sauka ɗakin wanki na ƙasan bene, ta tarar da Memunatu a kan benci. Rigunan marigayin take wankewa, za a rabar. Selina ta ajiye kwandonta ta zauna kusa da ita. Injin na ta juyi, hannun wata shuɗiyar riga na zuwa jikin gilashi yana komawa cikin kumfa.