Randunan Bawa

Shekara ashirin da shida Bawa yana cika randunan masallacin Maruda. Randuna uku ne a gindin dogon yaro, daga su kowa ke ɗiban ruwan alwala. Da hantsi zai turo baro da jarka biyu daga rijiyar bayan gari, ya yi sawu huɗu, kafin azahar an gama. Ba wanda ya ɗora masa, ba kuma wanda ya taɓa gode masa, don mutane sun ɗauka randa da ruwanta ake gina ta.

Tun da matarsa ta rasu, 'yarsa Habiba da ke aure a Kalgo ta matsa masa ya koma wurinta. Gwiwarsa ta hagu ta fara ba shi kunya, ga shi ba mai dafa masa. Amsarsa kullum ɗaya ce: in ya tafi, wa zai cika randuna? Da wannan ya riƙe ta shekara uku. Gaskiyar magana, Bawa tsoron Kalgo yake yi, inda zai zauna a kan tabarma ana kawo masa kwano, ba wanda ke jiran komai daga gare shi.

Ana nan sai Alhaji Hamidu ya dawo gida. Shekara takwas ya yi yana shugabancin wata babbar ƙungiyar manoma ta ƙasa, har ana jin muryarsa a rediyo. Da ya sauka, aka zaci zai zauna Abuja ko Birnin Kebbi kamar sauran manya. Shi kuwa ya gyara ɗakin mahaifinsa, ya sallami direba, ya koma sahun baya a masallaci. Mutumin kirki ne, ba mai musun wannan, har Bawa.

Wata Talata Bawa ya turo baronsa ya tarar da randunan cike fal. Laraba ma haka. Ranar Alhamis ya yi sammako, sai ga Alhaji Hamidu ya naɗe hannun riga yana juye jarka, gumi na zuba.

Gari ya ɗauka. Daga Kambaza har Gwandu ana ba da labarin shugaban da ke jan guga da hannunsa, liman ma ya sa shi a huɗuba. Bawa yana sahu na biyu yana saurare. Kwana goma Alhaji ya yi yana aikin, ya samu huɗuba.

Labarin bai tsaya ba sai Kalgo. Habiba ta kira mahaifinta a waya.

"Baba, Allah ya kawo mai cika randuna. Jumma'a mai zuwa muna tahe da mota."

Bawa ya ajiye wayar. Da la'asar ya ja gwiwarsa zuwa zauren Alhaji. Tare suka yi karatun allo, amma rabon da ya kira shi da sunansa tsura an fi shekara talatin.

"Hamidu, wurinka niz zo."

"Bismilla, Malam Bawa. Lahiya dai?"

"Lahiya ba lau ba. Allah ya ba ka ƙasa duka ka riƙa shekara takwas, ban yi maka baƙin ciki ba. Ni randa ukku yab ba ni. Su ma ka zo ka amshe."

Alhaji ya ɗago. "Ni na ga ƙahwarka tana ciwo, nic ce in ɗauke maka. Kuma ina neman lada."

"Ka tambayi mai su? Lada ta ƙare a garin ga sai tawa? Yanzu Habiba na zuwa ta kwashe ni kamar kayan wanki."

Alhaji Hamidu ya sunkuyar da kai. Ya saba a zo masa da roƙo, ya saba da yabo, wannan kam bai saba da ita ba. Kunya ta kama shi sosai.

"Ban tambaya ba," ya ce. "Ka yahe mini."

Washegari Bawa ya tarar da randunansa wayam, ko ɗigo babu, ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. A bayan masallaci kuwa, wurin da ake tsugunawa kama ruwa, wanda kowa ke toshe hanci ya wuce, sai ga Alhaji da tsintsiya da bokiti. Wannan aikin ba mai shi, kuma ba liman da zai sa shi a huɗuba.

Ranar Jumma'a Habiba ta iso da mijinta wajen sha biyu da rabi. Ba ta sami mahaifinta a gida ba, ta nufo masallaci ta tsaya daga nesa. Gwiwa ta makarar da Bawa ran nan, yana sawu na uku, mutane sun fara ƙorafi. A gaban layi Alhaji Hamidu ne tsaye riƙe da buta ba ruwa, yana jira kamar kowa.

Ta matso ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Alhaji, an ce kai ka cika su yanzu. Baba niz zo ɗauka, ka ga yadda yake ɗingishi."

"Na gani, ɗiyata. Ki aiko mishi da magani, tuwonshi kuma daga gidana za ya riƙa hitowa. Amma aikin ruwa ba ni da shi."

"Ka bari?"

"Korata anka yi."

Bawa ya iso, ya jingine baro, ya juye jarka a randar tsakiya a hankali, kamar bai ga 'yarsa ba. Alhaji ya miƙa butarsa.

"Dakata ruwan ya kwanta tukuna," in ji Bawa.

Alhaji ya dakata.