Man Taransifoma

Auta ta ɗora kwamfutarta a gefen teburin da Baba yake kwance fanka, tsakanin filaya da dunƙulen waya. Jaririnta na barci a bayanta. Aikin fassara ta karɓo daga wata ƙungiyar kare muhalli mai rassa a ƙasashe da dama, kuma kalma ɗaya ta hana ta sakat tun safe.

"Baba, ruwan nan da ake zubawa cikin taransifoma, me kuke ce masa a wurin aiki?"

"Mai ne, ba ruwa ba," in ji shi, bai ko ɗago ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran taransifoma, har gobe Injiniya ake kiransa a unguwa. "Me 'yan ƙungiyar taku suke nema da shi? Sun gama yaƙi da leda ne?"

Ta yi dariya, ta juyo masa da kwamfutar. Hoton wasu mutane ne cikin rigunan sanyi, sun ɗaga kwalaye a bakin wani babban zauren taro. A ƙasa kuma ga wata ganga mai ruwan toka.

Baba ya gyara tabarau. "Kai! Irin tamu ce sak. Tsohon mai ke nan, mai kyau. Ko wuta ba ta saurin cinsa. Na yanzu bai kama ƙafarsa ba."

"To shi suke so a kwashe daga duniya baki ɗaya."

Ta karanta masa abin da ta riga ta fassara. Akwai guba a cikinsa wadda ba ta ruɓewa. In ta shiga ƙasa sai ta yi shekara da shekaru. In ta shiga jiki, ta baki ko ta fata, sai ta maƙale a kitse. Tana taɓa hanta, ana kuma danganta ta da ciwon daji. Uwa na iya ba ɗanta ta cikin nono.

Hannun Baba ya tsaya cak a kan fankar.

"Sake karanta wurin fata."

Ta sake.

"Baba, da hannu kuke taɓa shi?"

"Har gwiwar hannu. Amma ba wannan ba ne." Ya cire tabarau ya ajiye. "Kin tuna kwalbar da ke kan taga a ɗakin mamanki?"

Ta tuna. Kullum da safe mama takan tsiyaya a tafin hannu ta murza gwiwoyinta, ɗakin ya ɗauki wani wari mai kama da na asibiti. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, ciki a kumbure, ido ya yi rawaya, likitoci na ta juya takardu.

"Kowa a wurin aiki yana ɗiba," in ji Baba. "Cewa ake maganin sanyin ƙashi ne, maganin ƙaiƙayi. Ni ma ina tsiyaya wa 'yan unguwa, ban taɓa karɓar ko sisin kowa ba. Lada nake nema. Ke ma da kika yi ƙuraje kina ƙarama..."

Auta ta kai hannu baya ta dafa goyonta.

"Baba, makon jiya da na bar maka shi, yana da ƙurajen zafi a wuya. Na dawo na ga sun kwanta."



"Sau biyu na shafa masa man," in ji Baba.

Ta nemi kujera ta zauna. Ta kwance yaron, ta ɗaga haɓarsa. Wuyan sumul, ba tabo. Ya motsa baki yana neman nono, ita kuwa ta kasa ɗaga riga.

Baba ya shiga sito ya fito da wata jarkar man, saura kusan rabi, ya nufi kwata.

"Kada ka zuba! Rijiyar mutane zai bi."

"To in ƙona shi."

"Hayaƙin ya fi man illa."

"In haƙa rami?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba. "Sai a wasu injina na musamman ake iya hallaka shi. Ƙasashe kaɗan ke da su. Abin da mutanen nan suke wa ihu ke nan."

Ya tsaya a tsakar gida, jarkar na rinjayar kafaɗarsa ɗaya.

"To ina zan kai shi, Auta?"

Kafin ta sami amsa aka yi sallama. Mahaifiyar telan da ke maƙwabtaka da su ce, tana dogara sanda, da 'yar kwalba a hannu.

"Injiniya, gwiwar nan ta sake tashi. Ashe ma na zo a sa'a, ga shi ka fito da shi."

Baba ya mai da jarkar bayansa. Ya jawo benci da ƙafa.

"Zauna, Inna," ya ce. "Auta za ta karanta miki wata takarda."