Baƙi da Rawaya a Kwamfutar Zuwairatu

Shekara talatin da ɗaya Mailafiya mai gyaran rediyo ya yi da aure, kuma a duk tsawon lokacin babu wani abu mai waya ko batir da ya taɓa lalacewa a gidansa aka kai wa wani. Fanka, dutsen guga, tocila, keken ɗinkin matarsa Zuwairatu, duk shi ne likitansu. Sana'ar rediyon ma da ta ja baya, sai manoman Kwandere da Adogi da ke kawo nasu jefi-jefi, ba ta hana shi barci ba. Abin da ke riƙe da shi ɗaya ne: a gidan nan in abu ya gagara, sunansa ake kira. "Baban Bilqis, zo ka gani." Wannan kiran ya fi masa komai daɗi a duniya, ko da yake in ka tambaye shi zai ce maka damunsa ake yi.

Hatta zare shi ke zura mata. Shekara biyu ke nan, kullum da safe kafin ya buɗe shagonsa da ke manne da nata, sai ta miƙo masa allurai huɗu ko biyar ya zura, ya sa wa keken nasa zaren, sannan ya wuce. Shi a ganinsa shagwaɓa ce ta tsufa. Har labari yake ba abokansa, wai matarsa tela ce guda amma ba ta iya fara aiki sai da hannunsa.

Ana nan sai 'yarsu Bilqis, da ke aure a Fatakwal, ta aiko wa uwar da kwamfuta ta ɗorawa a cinya, don ta riƙa nuna wa masu kawo ɗinki samfura, kuma duk Juma'a bayan la'asar ta kira su su ga jika. Mailafiya ya jujjuya na'urar, ya leƙa ƙasanta, ya jona ta da wuta, ya ce lafiyarta ƙalau. Iyakar iliminsa a kanta ke nan, amma bai faɗa wa kowa ba.

Wata Talata da hantsi ya dawo daga kasuwa da ledar kayan gyara, sai ya tarar da mutum zaune a kan bencinsa na shagon Zuwairatu. Terver ne, mai shagon buga takardu da ke tsallaken titi, Tibi ɗan shekara arba'in da wani abu, mutum mai saurin dariya. Kwamfutar na gabansa, Zuwairatu na tsaye a gefe ta dafa tebur. Fuskar kwamfutar, da a da take shuɗiya fes, ta koma baƙa wuluk. Rubutun ya zama rawaya, manya-manya, kibiyar da ake nuni da ita kuwa ta kumbura ta yi girman babban yatsa.

"Sannu da zuwa, Oga," in ji Terver. "Hajiya ne ya ce in canza masa tim."

"Wane ne kuma Tim?" Mailafiya ya tambaya, fuska ba walwala.

Terver ya yi dariya har da dukan cinya. "Ba mutum ba ne, Oga. Tim shi ne kaya da kwamfuta yake sawa. Kala, rubutu, hoto na baya, da wannan kibiya. Kamar riga dai. In ba ka so wannan, ka cire ka sa wani."

Zuwairatu ma ta dara, ta rufe baki da gefen mayafi. Dariyar Terver bai ɗauke ta a bakin komai ba, tata ce ta ƙona masa rai.

Bayan baƙon ya tsallaka titi ya ce mata, "Me ya hana ki kira ni?"

"Ai kana kasuwa."

"Da kin jira."

"Ƙaramin abu ne, Baban Bilqis." Ta faɗa tana gyara yadi a kan tebur, ba ta dube shi ba. Can ta ja kwamfutar gabanta, ta motsa kibiyar, ta yi ajiyar zuciya. "Allah dai ya yi wa Terver albarka."

Bai ce amin ba. Ya shige shagonsa, ya kwance bayan wani rediyo da babu abin da ya same shi.

A yi wa Mailafiya adalci: bai zargi matarsa da komai ba, kuma ya san Terver mutumin kirki ne mai iyali. Amma kishi ne ya kama shi, tsagwaronsa, irin wanda ke sa dattijo ya riƙa leƙen tsallaken titi ta bayan labule. Kiran nan na "zo ka gani" ne ya tsallaka kwalta ya tafi shagon wani. Washegari da ya ga an kai wa Terver kwanon waina, sai da ya ƙirga a ransa tun yaushe rabon da a soya masa waina ranar Laraba. Abin da ya fi ci masa rai ma, aikin ba kyau. Baƙi da rawaya, kamar fentin bakin titi. A ce matarsa, wadda ke haɗa kalar atamfa da leshi amare su yi ta layi, ita ce ke sa wa wannan muni albarka don kawai wani ne ya yi.

Ranar Alhamis ya rufe shago da wuri, ya hau keke mai ƙafa uku zuwa can hanyar Shendam, inda yake ganin babu wanda zai kai wa Terver labari. Ya shiga wani shagon kwamfuta, ya sami matar da ke riƙe da shi, wata mai suna Sewuese, ya ce wani abokinsa ne ya aiko shi neman tim mai kyau.

Sewuese ta yi masa haƙuri irin na malaman firamare. "Baba, ka ga wannan maus da ake motsa kibiya da shi? Danna gefen dama a wurin da ba komai. To, ka ga layi ya fito? Zaɓi na ƙasa. Yanzu duba nan, duk waɗannan tim ne. Wanda zan sa maka a filash kuwa, 'yar ma'ajiyar nan da ake cusa wa kwamfuta, kawai ka buɗe shi ka danna sau biyu da sauri, zai hau da kansa."

Ya ciro kwalin batir daga aljihu ya rubuta matakan a bayansa, ɗaya zuwa bakwai, har da zanen maus da alama a gefen dama. Ta yi ta nuna masa kala-kala: teku, motoci, duwatsu. Ya tsaya a kan wani mai farin fili da furanni ruwan hoda, rubutunsa siriri mai lanƙwasa kamar na katin biki, kibiyarsa ƙarama, kalar azurfa.

"Ya yi kyau," in ji Sewuese, "amma rubutun ya cika siriri fa. Mai kwamfutar yana gani sosai?"

"Idonta garau," in ji Mailafiya. "Tela ce."

Sewuese ta dube shi, ta tuna da abokin da aka ce ya yi aike, ta yi murmushi ta miƙa masa filash ɗin.

Juma'a da sassafe Zuwairatu ta tafi suna Kwandere. Ko ƙurar keken da ta hau ba ta kwanta ba ya ja benci gaban kwamfutar. Sau uku yana cusa filash a juye. Danna sau biyun nan kuwa ya ba shi wuya, don yatsansa ya saba da matse noti, in ya danna sai ya danne. Wani manomi ya zo da rediyo ya yi ta sallama, ya gaji ya tafi. Sai wajen ƙarfe sha ɗaya fuskar kwamfutar ta yi duhu na ɗan lokaci, sannan furanni suka bayyana. Ya tashi tsaye ya ja baya ya kalle su. Bai tsaya nan ba, ya lalubo inda baƙi da rawayan Terver yake ajiye, ya goge shi kakaf. Ranar ya tafi masallaci yana gaisa da mutanen da ya daɗe yana share su.

Ta dawo gab da la'asar, don kada kiran Bilqis ya wuce ta. Bayan salla ta zauna ta buɗe kwamfutar, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana goge sukundireban da ba ya bukatar gogewa.

Ta ƙura wa fuskar kwamfutar ido.

"Ni na sa," ya ce. "Da hannuna."

"Ya yi kyau," in ji ta a hankali. "Sannu da ƙoƙari."

Hannunta na kan maus tana ta zagaye da shi. Sai ga kiran ya shigo, ƙarar ta cika shagon. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Ɗauki mana," in ji shi. "Ga koren maɓallin nan."

"Ina kibiyar?"

"Ga ta nan a kan fure."

"Wane furen?"

Ya ɗauka wasa take. Ya tsaya yana jira ta gano da kanta ta yaba masa. Ta danna wani wuri, ba abin da ya faru. Ta sake dannawa, hoton wata doguwar riga ya buɗe ya rufe komai. Ƙarar ta yi ta yi har ta katse. Zuwairatu ta ɗauke hannunta daga maus ɗin ta ɗora a cinya.

"Ba na ganinta, Baban Bilqis," ta ce. "Fari a kan fari ba na gani. Rubutun nan ma hazo kawai nake gani. Idona ya daɗe da fara tafiya."

Sukundireban ya tsaya a hannunsa. Abu na farko da ya fito daga bakinsa, kuma ya yi ta jin kunyarsa daga baya, shi ne, "Shi Terver ya sani?"

"Ya sani."

"Kin faɗa wa maƙwabci, ba ki faɗa wa mijinki ba."

"Ban faɗa masa ba. Katin shago na je ya buga mini, ya ga yadda nake kai takarda har hanci, ya tambaye ni. Minti biyar na yi a shagonsa." Ta juyo ta dube shi, ba faɗa a muryarta. "Kai kuwa shekara biyu kana zura mini zare."

Ya nemi benci ya zauna. Allurai biyar kullum safiya, da labarin da yake bayarwa a majalisa ana dariya, duk suka dawo masa.

"Me ya sa kika yi shiru?"

"Don kai mai gyara ne. Da na faɗa maka, da ka hana kanka sukuni a kan abin da ba ka da kayan kwance shi. Na yi ta cewa gobe."

Ya rufe kwamfutar, ya rungume ta, ya fita. Titin nan bai fi taku ashirin ba, amma bai taɓa tsallaka mai nisansa ba.

Terver na ganin furannin ya gane komai, kuma a karon farko bai yi dariya ba. "No wahala, Oga. Kawo in mayar, minti biyu ne."

"A'a," in ji Mailafiya. "Nuna mini zan yi."

Ya juya kwalin batir ɗin inda da sauran wuri. Terver ya ja masa kujera ya tsaya a bayansa, hannuwa a aljihu. Danna dama. Zaɓi na ƙasa. Nemi mai baƙin fili. Mayar da rubutu rawaya, ja wannan layin har haruffa su yi girma. Kibiya kuma a kai girmanta ƙarshe. Mailafiya ya yi kuskure sau huɗu, Terver bai taɓa maus ɗin ba ko sau ɗaya. Wannan kirkin ma sai da ya sosa masa rai, don ya so a ce mutumin yana da wani aibu da zai riƙe.

"Oga," in ji Terver yana raka shi bakin ƙofa, "abeg a kai Hajiya ya ga likitan ido. Na gaya masa tun wancan wata, ya ce sai ya yi magana da kai tukuna."

Ya dawo ya ajiye mata kwamfutar ya buɗe. Baƙi wuluk, rawaya ɓaro-ɓaro, muninsa na nan yadda yake. Hannunta ya hau maus, nan take ta kama kibiyar, ta kai ta kan sunan Bilqis ba tare da lalube ba. Fuskarta ta saki.

"Litinin za mu asibiti," ya ce. "Ba zan buɗe shago ba."

"To," ta ce, idonta na kan allon, kiran ya fara shiga. Sai ta yi ajiyar zuciya irin ta ranar Talata. "Allah dai ya yi wa Terver albarka."

Kwalin batir na cikin aljihunsa, matakai tara da rubutun hannunsa, yatsansa har yanzu yana masa zafi. Ya buɗe baki zai faɗa mata wanda ya yi aikin. Sai ya ga yadda ta matsa kusa da gilashin tana jiran fuskar jikarta.

"Amin," in ji Mailafiya.